Taswirar Gida a Takardun Bizar Aure ta Tailan: Tambayoyi da Amsoshi

Baƙon da ya auri 'yar ƙasar Tailan, kuma yake son zama da ita a can, kowace shekara sai ya je ofishin shige da fice ya nemi ƙarin wa'adin zama na shekara guda. Takardun da ake haɗawa suna da yawa. Wasu banki ke bayarwa, wasu ofishin gunduma, amma akwai guda ɗaya wadda babu inda ake karɓo ta, kai ne za ka zauna ka yi ta da hannunka: taswirar hanyar gidanka. Ita ce mutane suka fi rainawa, kuma saboda ita akan ga mutum ya bar gaban teburin jami'i ya koma kan benci yana neman aron biro. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Me ya haɗa biza da zanen taswira?

Ƙarin wa'adin da ake ba mijin 'yar ƙasa ya rataya ne a kan abu biyu: auren na da rajista a hukumance, kuma ma'auratan suna zaune tare da gaske. Na farko takarda ke tabbatar da shi. Na biyu kuwa sai an gani da ido. Don haka jami'an shige da fice kan je gidan mai neman, musamman a shekarar farko, su ga matar, su ga ɗaki, su tambayi maƙwabta. Taswirar ita ce za ta kai su.

Dole a fahimci wannan tun farko, domin daga nan sauran amsoshin suka fito. Ba gwajin iya zane ake yi maka ba. Tambayar da takardar za ta amsa guda ce: mutumin da bai taɓa zuwa unguwarku ba, in ya riƙe ta a cikin mota, zai iso ƙofar gidanka ba tare da ya yi ta kiran waya ba?

Ba na rubuta adireshi a fom ba? Bai isa ba ne?

A Tailan sau da yawa bai isa ba, kuma laifin ba naka ba ne. A ƙauyuka da gefen birane ana ba gidaje lamba ne gwargwadon lokacin da aka yi musu rajista, ba bisa jerinsu a kan layi ba. Gida mai lamba 12 yana iya zama maƙwabcin mai lamba 187. In an raba fili aka gina sababbin gidaje, sai a ƙara wata lamba bayan ta asali, ka ga 45/3 a nan, 45/4 kuma can bayan gonar shinkafa. Ga lambar abin da suke kira “mu” a harshensu, wato rukunin ƙauyen da gidan yake ciki, wadda ba kasafai ake rubuta ta a allo a bakin hanya ba. Sunayen ƙauyuka ma suna maimaituwa, musamman a yankin Isan da ke arewa maso gabas, inda za ka samu ƙauyuka masu suna ɗaya a gundumomi daban-daban.

Birnin Bankok ma bai tsira ba. Layukan da ke fita daga babban titi, waɗanda ake kira soi, masu lambar mara suna gefe guda, masu lambar cika suna ɗaya gefen, kuma ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. A cikin soi ɗaya kuma akwai ƙananan lunguna masu nasu lambobin. Wanda ya taɓa neman gida a cikin birnin Kano ko Zariya da lambar gida kaɗai ya san ƙarshenta sai an koma ga kwatance: ka wuce masallaci, ka sha kwana ta hagu, gida na uku mai koren ƙyaure. To kwatancen nan ne ake so ka mayar zane.

Dole ne da hannu? Ba zan iya buga taswirar Google Maps kawai ba?

Nan ne ofisoshi suka bambanta. Kowane lardi da ofishinsa, kuma kowane ofishi yana da abin da ya saba karɓa. Da yawa suna cewa sai zanen hannu. Wasu suna karɓar wadda aka buga daga intanet. Wasu kuma suna son duka biyun, har da lambobin GPS na gidan a ƙasan takardar. Akwai ofisoshin da ke da nasu fom mai fili a tsakiya inda za ka yi zanen.

Shawarata, ka je da duka biyun. Ka zana ta hannu a farar takarda girman A4, ka buga ta Google Maps a wata takardar daban, ka rubuta lambobin GPS a jikin kowacce. In an ce ba a bukatar ɗaya, ka mayar da ita jaka, asararka kuɗin buga takarda ne kawai.

Wasu na ganin nacewa a kan zanen hannu tsohon yayi ne a zamanin da kowane jami'i ke riƙe da waya. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma a ƙauye taswirar intanet takan nuna fili fetal babu sunan hanya ko ɗaya, alhali zanen hannu zai nuna tankin ruwa da gadar katako da shagon da ke kan kwana. Sannan mutumin da ke kwana yana tashi a gida ba ya shan wahalar zana hanyarsa. Wanda ya aro adireshi kuwa biro kan tsaya masa.

Daga ina zan fara zanen? Daga ofishin shige da fice?

Wasu jami'an sukan ce a fara daga ofishinsu, amma abin da aka fi karɓa shi ne a fara daga babban titi ko wani wuri da kowa a yankin ya sani. In kana zaune a lardin da gidanka ke da nisan kilomita 70 daga ofishin, ba za ka cusa wannan tafiyar duka a takarda ɗaya ba. Abin da ake yi shi ne a ja babban titin a gefen takardar, a rubuta lambarsa, a sa kibiya a bakinsa guda a rubuta sunan garin da ya nufa, a sa wata a ɗaya bakin. Manyan hanyoyin ƙasar suna da lambobi da kowane direba ya sani: ta 1, Fahonyotin, ta nufi arewa, ta 2, Mitrafap, ta shiga Isan, ta 3, Sukumwit, ta bi gaɓar teku ta gabas, ta 4, Fetkasem, ta gangara kudu. A bakinsu akwai fararen duwatsun kilomita. In mashigar ƙauyenku tana kusa da ɗaya, rubuta lambar dutsen, ya fi kowace alama amfani.

Daga nan sai ka ba mafi yawan takardar ga sashen ƙarshe na tafiyar, daga inda aka bar babban titi zuwa ƙofar gida. A nan ne ake ɓata. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cinye takarda da manyan titunan da jami'in ya riga ya sani, sannan a matse lungunan unguwa a ɗan lungun takarda kamar rubutun laya.

Waɗanne alamomi zan sa?

Waɗanda ba sa tashi, kuma ana ganinsu daga cikin mota: wat, wato wurin ibadar mabiya Buda, masallaci, makaranta, asibitin ƙauye, ofishin 'yan sanda, gidan mai, kasuwa, gada, magudanar ruwa, danja, shataletale. Kowacce ka rubuta sunanta. “Masallaci” kaɗai ba ya wadatarwa a unguwanni irin su Min Buri da Nong Cok a gabashin Bankok, inda Musulmi suke da yawa kuma masallatai ba su da nisa da juna.

Ka yi hattara da shagon 7-Eleven. Kowa shi yake fara sawa, amma rassansa a ƙasar sun haura 14,000, kuma ba abin mamaki ba ne a ga biyu suna kallon juna a titi ɗaya. In za ka sa shi, haɗa shi da wani abu: wanda ke bakin soi kaza, ko wanda ke jikin gidan mai. Mai sayar da abinci a kan amalanke da rumfar 'yan acaɓa ba alamomi ba ne, ranar da jami'i zai zo ƙila ba su fito ba.

A kowace mararraba a sa alama ɗaya da kibiyar da ke nuna inda za a bi. Tsakanin kwana da kwana a rubuta kimanin nisa, mita 300, kilomita 2. Ba sai ma'aunin ya yi daidai da na masu safiyo ba, amma kada mita 200 da kilomita 5 su fito da tsawo ɗaya ba tare da an rubuta komai ba. Gidan kansa a yi masa tauraro ko a zagaye shi da jan biro, a rubuta lambarsa ɓaro-ɓaro, a nuna ko yana hannun dama ne ko hagu. In ƙofar na da launi da ya fita daban, a faɗa.

Da wane harshe zan rubuta?

Wanda zai karanta ɗan Tailan ne, wanda zai tambaya a hanya ma ɗan Tailan ne. Saboda haka sunayen wurare su kasance da rubutun Tai. Ofisoshin da suka saba da baƙi, irin na Bankok da Fuket da Ciyang Mai, suna karɓar Turanci, amma ko a can rubutun Tai ya fi sauƙaƙa aiki. Yadda ma'aurata da yawa ke yi shi ne mijin ya ja layuka, matar ta rubuta sunaye. Babu aibi a wannan. A saman takardar a rubuta cikakken adireshi kamar yadda yake a littafin rajistar gida, a ƙasa a sa lambar wayar miji da ta mata.

Ni fa ban iya zane ba ko kaɗan.

Layi biyu a jere titi ne. Murabba'i gini ne. Kibiya hanya ce. Iyakar fasahar da ake bukata ke nan. Buɗe taswira a waya ka kwaikwayi yadda hanyoyin suka kwanta, ka fara da fensir, in ta zauna ka bi da biro. Sannan ka miƙa wa wani wanda bai san gidan ba, ka ce ya karanta maka hanyar da baki. Inda ya tsaya yana tambaya, nan ne gyara yake.

A bene nake zaune, ɗaki ɗaya cikin ɗaruruwa. Ni ma sai na zana?

E. Taka ma ta fi sauƙi, domin ginin yana da suna. Ka nuna babban titi, tashar jirgin ƙasa ta cikin gari mafi kusa in akwai, lambar soi, da ginin. Sai ka rubuta wane gini ne in suna da yawa a harabar, hawa na nawa, ɗaki mai lamba nawa.

Akwai tarko ɗaya a nan. A irin waɗannan benaye lambar da ke manne a ƙofar ɗaki sau da yawa daban take da lambar da ɗakin ke da ita a rajistar gwamnati. Ƙofa na iya cewa 1205, takarda kuma ta ce 88/245. Rubuta duka biyun, ka bayyana wacce ce wacce.

Littafin gidan matata yana nuna ƙauyen iyayenta, mu kuma muna haya a birni. Wanne zan zana?

Inda kuke kwana. Wannan hali ne na miliyoyin 'yan ƙasar: sunan mutum yana cikin tabiyan ban, shuɗin littafin rajistar gida, na mahaifarsa, shi kuma yana aiki a wani lardin. Jami'ai sun san da haka. Abin da za su nema shi ne yarjejeniyar haya, kwafin katin shaidar mai gidan da na littafin gidansa, da shaidar TM.30, wato sanarwar da doka ta ɗora wa mai gida ya yi cewa baƙo ya sauka a wurinsa. Ofishin da za ka je ma shi ne na lardin da kake zaune, ba na garin surukai ba.

Abin lura shi ne adireshi ɗaya ya bayyana ko'ina: a fom ɗin neman ƙarin wa'adi mai lamba TM.7, a TM.30, a yarjejeniyar haya, a taswira, da kuma lambar gidan da ta fito a hotuna. In ɗaya ya saɓa, tambayoyi sun fara ke nan. Kada kuma a zana gidan surukai don kawai ya fi kyau ko ya fi sauƙin kwatance. Ba wa jami'in gwamnati bayanin ƙarya laifi ne a ƙarƙashin sashe na 137 na dokar manyan laifuka ta ƙasar, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin wata shida, ban da rasa iznin zaman.

Hotunan da ake haɗawa da taswirar fa?

Su ne abokan tafiyarta. Ana son hoton miji da mata tare a ƙofar gida, lambar gidan ta fito sarai, sai wasu a ciki: falo, ɗakin kwana, wani lokaci kicin. In akwai 'ya'ya a sa su. Akan manna su ko a buga su a takardar A4. Su zama sababbi kowace shekara, domin tsohon fayil ɗinka yana wurinsu kuma suna dubawa. Ga wanda ya taso a gidan da ko ƙanin miji ba ya leƙa ɗakin matar wansa, hoton ɗakin kwana a fayil ɗin gwamnati abu ne mai nauyi. Haka tsarin yake, kuma ba a bukatar fiye da ku zauna a bakin gado cikin cikakkiyar sutura.

Da gaske suna zuwa gidan?

A neman farko, ka sa a ranka za su zo. Ranar da ka miƙa takardu ba nan take ake ba ka shekarar ba. Ana buga maka hatimin cewa ana duba bukatarka, yawanci na kwana 30, a aika fayil ɗin zuwa babban ofishin shiyya, wanda shi ke da ikon amincewa. Wannan ne ma dalilin da ofisoshi da yawa ke cewa a kawo kowace takarda kwafi biyu, har da taswirar. A cikin waɗannan kwanakin ne ake ziyarar. Sau da yawa sukan kira kafin su taso. Za su ɗauki hoto da ku, su nemi maƙwabci ɗaya ko biyu su shaida cewa kuna zaune tare, tare da kwafin katinsu. A ƙauye dagacin wurin, fuyai ban, yakan zama shaida mai ƙarfi.

Saboda haka wanda bai saba gaisawa da maƙwabta ba gara ya fara tun kafin ranar. A shekarun da ke biyo bayan ta farko kuma, wasu ofisoshin ba sa sake zuwa muddin ba a sauya gida ba, wasu suna zuwa jefi-jefi.

Bara na ba su taswira. Bana ma sai na sake?

Sai ka sake. Kowace shekara sabon fayil ake buɗewa. Dabara ita ce ka zana guda mai kyau ka adana hotonta. Inda ake karɓar kwafi sai ka buga ka sa hannu da shuɗin biro, inda aka nace sai sabon zane kuma ka kwafa daga tsohuwar cikin minti kaɗan. Kafin ka kwafa dai ka duba ko gidan man da ka sa bara yana nan. In za ka sa kwanan wata, ka tuna ƙasar na amfani da shekarar Buda, wadda ta ɗara ta Miladiyya da 543, wato 2026 ita ce 2569.

In na tashi daga gidan a tsakiyar shekara fa?

Sabon mai gida ya yi sabuwar sanarwar TM.30. Ba a neman sabuwar taswira sai lokacin sabuntawa, amma in tashin ya faɗo cikin kwana 30 ɗin da ake duba fayil, ka je ofishin da kanka ka faɗa, ka kai sabon zane. Jami'i ya bi taswira ya tarar da gida a kulle, maƙwabta su ce ai sun tashi, ba ƙaramar matsala ba ce.

Ban da taswira da hotuna, me kuma ake nema?

Sharaɗin da ya fi nauyi shi ne na kuɗi. Baƙon da ya auri 'yar ƙasa zai nuna bat (kuɗin ƙasar) 400,000 a asusun bankin Tailan da ke da sunansa shi kaɗai, kuma kuɗin su yi wata biyu a ciki kafin ranar nema, ko ya nuna yana samun aƙalla bat 40,000 a wata. Ana kawo wasiƙar banki da littafin asusu da aka sabunta. Masu hankali ba sa taɓa kuɗin har sai an buga hatimin ƙarshe, domin akwai ofisoshin da ke sake duba littafin a ranar. Baƙuwar da ta auri ɗan ƙasar ita ba a ɗora mata wannan sharaɗin, amma taswira da hotuna suna kanta.

Sai fasfo da kwafin shafukansa, hoto mai girman santimita 4 da 6, takardar shaidar aure Kor Ror 3, da sabon kwafin rajistar aure Kor Ror 2 daga ofishin gunduma, wanda ke nuna auren bai mutu ba. In a wata ƙasa aka ɗaura auren, sai an shigar da shi rajistar Tailan an karɓi Kor Ror 22. Kuɗin nema bat 1,900 ne. Matar dole ta zo da kanta, da katinta da littafin gidansu. Yawancin ofisoshi suna karɓar nema daga kwana 30 kafin wa'adi ya ƙare, wasu kamar babban ofishin Bankok da ke Caeng Wattana daga kwana 45. Kada a bari sai ranar ƙarshe, domin wanda ya wuce wa'adi tarar bat 500 ce a kowace rana, har zuwa 20,000.

An ɗaura mana aure a masallaci, da waliyyi da shaidu. Wannan bai wadatar ba?

A addini aure ya ɗauru. A teburin shige da fice kuwa rajistar ofishin gunduma ake tambaya, kuma takardar limami ba ta maye gurbinta. Kafin a yi wa baƙo wannan rajistar ana neman takarda daga ofishin jakadancin ƙasarsa da ke nuna ba shi da wani auren, a fassara ta zuwa harshen Tai, ma'aikatar harkokin waje ta tantance. Dokar farar hula ta ƙasar mace ɗaya ta sani. Ɗan kasuwar da ya bar iyali a gida kuma yake tunanin ƙara aure a Bankok, wannan ne abin da zai fara zama da lauya a kansa, tun kafin a zo maganar taswira.

Bayan an ba ni shekarar, shi ke nan?

Da saura biyu. Duk kwana 90 da ka yi a ƙasar ba ka fita ba sai ka sanar da adireshinka da fom TM.47, ko da kanka, ko ta gidan waya, ko ta intanet. Wanda ya makara tarar bat 2,000 ce. Sannan kafin ka fita ƙasar, ko zuwa gida ganin dangi ko Umara, ka karɓi iznin sake shigowa: bat 1,000 na tafiya ɗaya, 3,800 na tafiye-tafiye da yawa. Wanda ya fita babu shi, iznin zamansa ya mutu a filin jirgi, sai ya sake neman biza daga farko.